Yadda Na Zama Matar Ɗan Langa

Ba zan taɓa mantawa da zangon karatun da na yi suna a makarantarmu ba, ni da ko malamar ajinmu sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuna cewa a ajinta nake.

Ni irin yaran nan ce da in malama ta ce wa ya san amsa, sai su tsunduma kai cikin jaka kamar wani abu ya ɓace musu. Ba rashin sani ba ne. Kallo ne ba na so. Da zarar idanu sun yi yawa a kaina sai kunnuwana su ɗau zafi, harshena ya yi nauyi, in rasa inda zan ajiye hannuwana. Wurin zamana layin ƙarshe ne, jikin taga, daidai bayan ƙawata Luba, wadda Allah ya hore wa tsawo da baki. Ita ke yi mana magana mu biyu, ni kuma ina yi mana kallo. (Na san malamar da ke tuɓe takalmi a ƙarƙashin tebur tana murza yatsu, na san wadda ke ɓoye goro a kumatu tana koyarwa, amma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.) Babban burina a lokacin shi ne in gama sakandare in fita ta ƙofar nan ba tare da an taɓa kiran sunana a taron safe ba, ko don yabo ko don laifi.

Muna aji biyu na babbar sakandare, ana tsakiyar zafin bazarar Sakkwato, wanda ko ƙadangare sai ya yi shawara kafin ya tsallaka fili, sai ga wata ɗalibar jami'a ta sauka daga keke mai ƙafa uku da wani abu lulluɓe da zane. Sunanta Anti Nafisa, daga wajen Kwalkwalawa, inda jami'ar take, take zuwa kullum. Shugabar makaranta ta yi mana bayani cewa mutum-mutumi ne mai aiki da kwamfuta, kuma bincike ake yi a ga ko irinsa zai iya sa mutane su ƙara taimakon juna.

Da aka yaye zanen sai muka ga tsayinsa bai wuce ƙugun mutum ba. Tayoyi gare shi maimakon ƙafafu, da faranti a gaba, da idanu biyu masu haske da ke ƙiftawa. Kansa kuwa fari ne zagayayye da ratsin shuɗi, sak langar kai abinci maƙwabta in an kife ta. Kafin a watse Luba ta raɗa masa Ɗan Langa. Yana da wani suna na Turanci da aka zo da shi, amma ba a yi nisa ba Anti Nafisa da kanta ta daina wahalar da bakinta.

Aikinsa ba wuya. In an fita hutun karin kumallo sai ya yi ta yawo a fili, ya tsaya gaban yarinya, ya ɗaga idanun nan ya ce: "Salamu alaikum. In kina da buƙata ki ɗauka, in kina da hali ki ajiye." Abin da ya rage a farantin in an koma aji, sai ya kai shi wani ɗaki kusa da ofishin malamai, a zuba a kwali, washegari a sake fitowa da shi. Hausarsa ta Kano ce tsantsa, don haka kwanakin farko ba abin da ake yi sai kwaikwayonsa. Luba ta ce a yi masa uzuri, baƙo ne, in ya sha furar garin nan bakinsa zai gyaru.

Ni dai ina kallonsa daga nesa, a ƙarƙashin bishiyar dogon yaron da ke ƙarshen fili, ina jin tausayin duk wadda ya tsaya a gabanta. Har ranar da ya juyo ya nufo ni.

Ya yi sallama, na amsa a ciki. Ya faɗi maganarsa, ya tsaya yana ƙifta min ido. Sai na ga kawuna suna juyowa ɗaya bayan ɗaya: masu cin awara sun tsaya da ci, masu tsalle-tsalle sun tsaya da tsalle. Farantin nasa wofi ne a ranar, ba komai sai ganyen da ya faɗo a kai. To mu a gidanmu Kaka tana da doka, kwanon da ya shigo ba ya fita wofi, ko barkono ne sai an jefa a ciki, kuma wanda ya yi maka sallama ba ka barinsa a tsaye. Ga dokar Kaka, ga idanun mutane. Na lalubi aljihun jaka, hannuna ya faɗa kan kilinar goge rubutu, na ɗora masa.

"Na gode," in ji shi. "Wata za ta ji daɗin wannan."

Ya juya ya tafi, idanun duka suka bi shi. Na ji wani sanyi ya ratsa ni kamar na sha ruwan randa. A raina na ce ashe maganinsa ke nan, ka ba shi abu ya ba ka lafiya.

Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, Ɗan Langa yana riƙe fuska, kuma an gina shi ne ya riƙa koyon inda ake samu. Ni na koyi cewa in na ba shi zai tafi. Shi kuma ya koyi cewa in ya zo zan ba shi. Kowa ya ɗauki darasinsa ya riƙe gam.

Washegari ko kallon sauran bai yi ba, ya miƙe sai ƙarƙashin dogon yaro. Na ba shi rula. Rana ta gaba fensir. Daga nan abin fiƙe fensir, da biro, da ƙuli-ƙulin da Mama ke ƙulla min, da goribar da na fara gatsa ta gefe ɗaya (na juya wajen gatsar ƙasa, Allah ya yafe min). Na sauya wurin zama na koma bayan ɗakin gwaje-gwaje, ya same ni. Na shiga layin famfo na cusa kai tsakanin mutane, ya bi layin yana duba fuskoki kamar mai neman ɗan da ya ɓata a kasuwa. Na ja hijabi har kan gira, ya tsaya ya ɗan karkata kai, ya yi sallama. Wata rana na ƙi fita gaba ɗaya na zauna a aji, sai na ji ƙarar tayoyinsa a baranda, ƙir ƙir ƙir, ya zo bakin ƙofa ya tsaya saboda dakalin ya fi ƙarfinsa, ya yi ta kallona daga can. Wannan ya fi komai muni, don rabin makaranta suka biyo shi su ga abin da yake kallo.

Luba ce ta fara. Da ta hango shi sai ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce in gyara hijabi, ga maigidan nan tafe. Kafin mako ya zagayo sunana ya koma Matar Ɗan Langa, har 'yan aji ɗaya da ban taɓa yi wa magana ba suna gaishe ni da ya maigida, ya cefane.

A gida ma abin ya fara fitowa. Mama ta tsare ni ta tambaya ko cin fensir nake yi a makarantar nan, don ita ba ta taɓa ganin yarinyar da ke gama fensir kafin ta gama sabulu ba. Na ce aiki ne ya yi yawa. Kaka da ke gefe tana tsince shinkafa ta ce a bar ni, ilimi dama ci gare shi.

Ba zan ce duka abin wahala ne ba. Akwai wata ƙaramar yarinya 'yar aji ɗaya, siririya, da na lura ba ta taɓa fitowa da komai lokacin hutu. Takan tsaya jikin bango tana wasa da bakin hijabinta har sai Ɗan Langa ya baro wurina, sannan ta bi shi a hankali ta bayan azuzuwa, inda ba kowa, ta ɗauke ƙuli-ƙulin ta jefa a aljihu. Ni kaɗai nake ganinta, kuma duk sanda ta waiwayo sai in yi kamar ina kallon sama. Na kuma lura farantin ya daina zuwa min wofi. Wasu sun fara ajiye abubuwa, wasu don Allah, wasu kuma, in ji Luba, don su ƙwace min miji.

Da zangon ya zo ƙarshe aka ce za a yi taro. Malamin Anti Nafisa, wani Farfesa, zai zo ya ga abin da aka yi, za a kuma gayyaci wasu iyaye. Aka ce ranar ba yawo, Ɗan Langa zai tsaya ne a gaban baƙi a yi bayaninsa. Na ji daɗi ƙwarai. A karon farko cikin makonni na shirya jakata ban tanadi abin sallamarsa ba.

Ranar taron da safe, ina sa takalmi Mama ta miƙo min baƙar leda a ƙulle. Wandon aikin Baba ne. Baba direban tifa ne, yana jigilar dutse a Kalambaina, mutum ne kuma mai jiki, masha Allah. Ana gobe taron ya ɗaga ƙafa zai hau mota wandon ya ce shi ya gaji, ya tsage tun daga tsakiya har kusan gwiwa. Mama ta ce in an tashi in biya wurin tela in ce a ɗinke da zare mai ƙwari, kuma kada in tsaya surutu. (Ni da surutu.) Na tura ledar ƙasan jaka. Na lura Baba ya fita da farar shadda da hula sabuwa a ranar aiki, yana wani murmushi shi kaɗai, amma ni mai lura da komai ban tambayi kaina dalili ba.

An kafa rumfa a gaban ofis, an jera kujeru, mu kuma muna tsaye layi-layi a fili. Na laɓe a bayan Luba na sunkuyar da kai, ina kallon wasu tururuwa da ke jan fiffiken fara. Shugaba ta yi magana, Farfesa ya yi magana, sannan Anti Nafisa ta karɓi abin magana. Ina jin ta sama-sama har ta zo inda ta ce a cikin makarantar nan akwai ɗalibar da ta fi kowa buɗe hannu, wadda ba ta taɓa barin farantin ya wuce ta wofi ba. Ta ce ba za ta faɗi suna ba, Ɗan Langa ya san ta, shi zai nuna mana ita da kansa.

Ƙir ƙir ƙir.

Layuka suka riƙa darewa suna ba shi hanya kamar liman ya shigo masallaci. Na ƙara matsewa a bayan Luba, na riƙe mata hijabi. Ya zo gabanta ya tsaya, ya duba, ya ɗan gewayo ta gefe. Ita kuma 'yar amanar tawa sai ta zame ta koma gefe guda, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ke, ba a ɓoye ma miji. Amsa sallama."

"Salamu alaikum. In kina da buƙata ki ɗauka, in kina da hali ki ajiye."

Makaranta duka, da malamai, da baƙi, da mai gadi da ya baro ƙofa, kowa ni yake kallo. Hannuna ya shiga jaka da kansa, don ya saba. Littattafai ne kawai, su ma masu hatimin makaranta. Biro ɗaya da nake da shi yana hannun Luba tun safe. Sai yatsuna suka taɓa leda.

Kada mai karatu ya ɗauka ban yi tunani ba. Na yi, har na ji ina yaba wa kaina. Na ce ledar a ƙulle take, ba wanda ya san abin da ke ciki. In ɗora masa, ya yi godiya, ya wuce da ita ɗakin kwali kamar kullum, idanu su bi shi, in an watse in je in roƙi Anti Nafisa ta ba ni kayana. Na ɗora. Aka yi tafi.

Ya juya. Amma bai nufi ɗakin kwali ba, rumfa ya nufa. Sai na ji Anti Nafisa tana cewa, da muryar mai jin daɗin shirinta, yau an tsara masa ya kai kyautar wurin babban baƙo, domin ya buɗe kowa ya shaida.

Mama ta iya ƙulli. Ban taɓa yi wa ƙulli addu'a ba sai ranar. Farfesa ya sa farce, ya ƙi. Ya gyara tabarau ya sake gwadawa, ya ƙi. Har na fara sa rai, sai shugabar makaranta ta miƙo masa makullin motarta ya huda ledar.

Ya jawo ƙafa ɗaya. Ya ci gaba da ja. Farar ƙurar dutse ta tashi ta sauka a kan babbar rigarsa mai ruwan toka. Ya miƙe tsaye don abin ya fi ƙarfin zama, ya kama ƙugun wandon da hannu biyu ya ware, ya ɗaga sama yana neman gane gabansa da bayansa. Daga inda nake ina hango idonsa ɗaya da rabin tabarau ta cikin yagar.

Fili ya yi tsit. A cikin shirun nan Ɗan Langa, da aka tsara ya jira a buɗe kafin ya yi godiya, ya ɗaga kai ya ce da Hausarsa ta Kano, "Na gode. Wata za ta ji daɗin wannan."

Ban san dariya tana da nauyi ba sai ranar. Ta faɗo min a ka kamar rufin ɗaki. Luba ta durƙushe tana dukan ƙasa. Malamar lissafi, wadda ba a taɓa ganin haƙoranta ba, ta toshe baki da gyale kafaɗunta na rawa. Ina tsaye ina roƙon ƙasa ta yi min abin da ta yi wa Ƙaruna, sai na ga wani mai farar shadda ya miƙe daga layin baya na rumfar. Baba ne. Ashe shugaba ta kira shi a waya tun shekaranjiya, ta ce ya zo ya ga an karrama 'yarsa, kada ya faɗa min.

Baba ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

"Allah shi gafarta Malam, wandona na. In an ƙare dubawa a miƙo min, tela na jiranai." Ya dakata har dariyar ta ɗan lafa, sannan ya ƙara da cewa, "Na san ɗiyag ga da kyauta tun tana ƙarama, amma wallahi ban san abin ya kai ga wandona ba."

Farfesa, hawaye na bin gefen tabaransa, ya ce, "Alhaji, ai sai ka gode wa Allah da ba na jikinka ta bayar ba."

Daga nan aka kira sunana a lasifika, cikakke, har da na Baba. Na taka filin nan daga layin ƙarshe zuwa rumfa, na karɓi sabuwar jakar da aka tanadar min da hannun dama, na karɓi wandon da hagu, aka ɗauke mu hoto a haka. Abin da na daɗe ina gudu ya same ni duka a rana ɗaya, har da ƙari. Abin mamaki kuma, ban suma ba. Na duba ƙafafuna suna nan, suna ma tafiya.

Da aka watse na je ɗakin kwali na sami Anti Nafisa tana sa wa Ɗan Langa caji. Ban san inda na samo bakin ba, wataƙila wanda ya riga ya jiƙe ba ya tsoron yayyafi. Na gaya mata gaskiya, cewa ni ba kyauta nake yi ba, sallamarsa nake yi ya tafi a daina kallona. Ta zauna a kan kwalin ta dafe kai. Ta ce yanzu babi guda na bincikenta sai ta sake rubuta shi saboda ni. Sai kuma ta fashe da dariya, ta ce amma dai sauran yaran da suka ga na fi kowa shiru kuma na fi kowa bayarwa sun fara ajiyewa, wannan ya faru, ko da me na nufa. Ina shirin fita ta kira ni.

"Ƙanwata, ba wanda ya gaya miki? Ko ba ki ba shi komai ba, tafiya zai yi. Jiransa bai wuce tsawon karanta Fatiha ba."

Na tsaya ina lissafa fensirorina a zuci.

Baba da kansa ya kai ni wurin tela a bayan babur ɗinsa, yana tuƙi yana dariya har babur ɗin na girgiza. Muka tarar labari ya riga mu isa. Telan ya karɓi wandon da hannu biyu, ya ce ai wannan ba a yi masa ɗinkin gaggawa, wando ne da ya gaisa da Farfesa.

An bar Ɗan Langa ya ƙarasa makon. Washegari da ya zo ya yi sallama na amsa da ƙarfi, na harɗe hannuwa a baya, na fara karanta Fatiha a zuci. Ban kai amin ba ya ce, "Ba komai, sai wani lokaci," ya juya ya nufi wata 'yar aji uku, ko waiwaye babu. Sai na ji abin ya ɗan sosa min rai, bayan duk abin da na kashe masa. Luba ta dafa kafaɗata ta ce in yi haƙuri, haka maza suke, ta ce in zo ta raka ni gidanmu in yi idda.

Abin da na koya ba shi da yawa. Yanzu in wani ya tsaya a kaina yana jira, mutum ne ko na'ura, nakan fara karanta Fatiha tukuna in ga ko zai tafi da kansa. In kuma na ji ana yabon wani da cewa hannunsa a buɗe yake, nakan yi masa fatan alheri, amma a raina ina tambaya ko shi ma wani abu yake kora. Duk abin da zan bayar kuma, ko a leda yake ko a kwano, sai na tambayi kaina ko zan iya tsayawa a ɗaga shi sama da hannu biyu a gaban ubana.